Darasi: Saƙa Ƙaramin Wili da Daidaita Shi

A rumfar mai gyaran keke, faci aikin kowa ne. Yaron da ya yi wata biyu a shago zai ɓalle taya, ya tsoma tiyub cikin ruwa, ya ga inda kumfa ke tashi, ya kankare ya manne. Amma a kawo keken yaro da wilinsa ya karkace yana gogar birki, ko keken guragu da sifok huɗu suka tsinke a gefe ɗaya, sai a ji an ce a jira maigida ya dawo. Wani lokacin ma shawarar maigidan ita ce a sayo sabon wili, tsohon rim ɗin ya koma hannun yara su yi garegare da shi, alhali babu abin da ya same shi.

Saƙa wili ba tsafi ba ne, ba kuma aikin ƙarfi ba ne. Tsari ake bi, sai haƙurin murɗa noti kaɗan-kaɗan. Wannan darasi ya tsaya ne a kan ƙananan wili, masu inci 20 da 16 da abin da ya yi ƙasa, irin na kekunan yara, da kekunan da ake naɗewa, da BMX na masu wasan tsalle. Mai koyo yakan ɗauka ƙarami zai fi sauƙi. Ta wajen kuɗi da wurin aiki haka ne. Ta wajen hannu kuwa, ƙaramin wili ya fi babba saurin kama mai gaggawa, ya kuma fi shi iya ɓoye laifi.

Me ke ɗauke da nauyin?

Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka zama wili: rim, da hob mai faifai biyu da aka huhhuda, da sifok, da ɗan notin tagulla da ke riƙe kowane sifok a jikin rim. Duk wanda ya ɗauki sifok ɗaya ya dogara shi a ƙasa ya danna zai ga ya lanƙwashe nan take. To ta yaya siraran wayoyi 36 irinsa suke ɗaukar ƙato da buhun masara?

Sirrin a ɗauri yake. A wili mai kyau, kowane sifok an ja shi da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 100 ko kusa da haka, dukansu suna janyo rim zuwa ciki, shi kuma rim ya turje. Idan mutum ya hau keke, 'yan sifok ɗin da ke ƙasa, daidai inda taya ta taɓa hanya, su ne ɗaurinsu ke ɗan raguwa, sauran kuwa kusan ba su san ana yi ba. Da wili ya juya, sai su koma yadda suke, na bayansu su karɓa. Wani injiniya a Amurka, Jobst Brandt, ya yi wa wannan bayani dalla-dalla a littafin da ya fitar kan wilin keke a 1981, kuma har yau masu sana'ar suna komawa gare shi.

Abin da ya shafi mai gyara a nan ɗaya ne. Muddin sifok ɗin da ke ƙasa yana da sauran ɗauri, wili lafiya lau. Idan kuwa dama sako-sako yake, duk juyi sai ya saki gaba ɗaya, notinsa ya riƙa kwancewa da kansa, wuyansa da ke jikin hob ya yi ta lanƙwasa yana miƙewa har ya gaji ya karye. Shi ya sa mafi yawan sifok a wuya suke tsinkewa, kuma rashin ɗauri ne ke cinye su fiye da yawansa.

Dabarar ta daɗe. Tun a 1808 wani Baturen Ingila, George Cayley, wanda hankalinsa ke kan ƙera abin da zai tashi sama, ya tsara wili marar nauyi wanda ja ne ke riƙe da shi. A 1869 Eugène Meyer ya yi rajistar wilin keke mai wayoyi a birnin Faris. Wayoyin farko a miƙe suke tafiya daga hob zuwa rim, sai a 1874 James Starley na garin Coventry ya kawo saƙar giciye, inda sifok ke barin hob a karkace yana tsallake 'yan'uwansa. Amfanin giciyen shi ne isar da ƙarfin feda da na birkin hob zuwa rim. Har gobe doka ce: miƙaƙƙiyar saƙa sai a wilin gaba marar birki a hob. Wilin baya, ballantana na keken yaro da ake taka feda baya a ci birki, dole sai da giciye.

Inda ƙarami ya bambanta

Ƙarfe yana miƙewa idan aka ja shi, ko da ido ba ya gani. Sifok mai kaurin milimita 2 da tsawon milimita 300, irin na babban keke, idan aka ja shi da kilo 100 zai ƙaru da kusan rabin milimita. Na wilin inci 20, mai tsawon wajen 185, ƙarinsa kusan milimita 0.3 ne. Na inci 16 na yara, wajen 140, bai kai kwatan milimita ba. Shi kuwa noti, zagaye ɗaya cikakke yana jan sifok da milimita 0.45, ko dogo ne ko gajere, domin zarensu iri ɗaya ne. Rim ma yana ɗan matsewa, don haka a aikace lissafin bai kai haka tsanani ba, amma ma'anarsa tana nan: murɗin da zai ɗan ƙara wa dogon sifok ɗauri, a jikin gajere zai iya kai shi daga sako-sako zuwa tsauri fiye da kima. Wanda ya saba da Raleigh ko Phoenix mai inci 28 sai ya rage hannu da rabi.

Sannan ƙaramin rim ya fi taurin kai. Babban rim, da sifok ɗaya ya saki, zai karkace a wurin, kowa ya gani. Ƙarami kuwa yana iya tsayawa sambal alhali sifok ɗaya yana ɗauke da aikin uku, maƙwabtansa suna hutawa. Mai koyo ya juya wili, ya ga ba ya layi, ya miƙa wa mai shi, bayan mako biyu a dawo da shi. Ga kuma yawan juyi: a kilomita ɗaya wilin inci 28 yana zagayawa kusan sau 450, na inci 20 kuwa kusan sau 650. Duk laifin da aka bari a ciki ya fi samun damar girma.

Wannan bai sa ƙaramin wili ya zama na banza ba. Idan an saƙa shi daidai ya fi babba jure duka daga gefe, shi ya sa 'yan BMX ke dira a kansa daga sama. Tun 1962 Alex Moulton ya fitar da keken manya mai ƙananan ƙafafu a Ingila, kuma kamfanin Brompton na Landan har yanzu yana ɗora manyan mutane a kan inci 16.

A nan akwai tarkon da ya kamata a sani kafin a shiga kasuwa. Sunan inci ba ya faɗin gaskiya duka. Inci 16 na keken yara faɗinsa milimita 305 ne a inda taya ke zama, na Brompton kuwa 349, kuma duka biyun sunansu inci 16. Inci 20 ma biyu ne, 406 da 451. Tayar wannan ba ta hawa wancan, sifok ɗinsu ma ba ɗaya ba. A gefen taya akan ga lamba irin 47-406. Lambar ƙarshen ita ce abin dogaro.

Kayan aiki da tsawon sifok

Kayan ba su da yawa. Sifanar sifok ita ce kan gaba, kuma sai wadda ta kama notin cif, domin notocin ba girmansu ɗaya ba: akwai na milimita 3.2, da 3.3, da wanda ya kusa 3.5. Sifana mai yawa tana cinye kusurwoyin noti har ya zama kewayayye, daga nan ba ya gaba ba ya baya. Filaya ma haka take yi, har ta fi. Sai ƙaramar sukundireba, da rula mai milimita, da alli, da magagari, da man inji mai tsabta a murfin kwalba. Akwai tebur na musamman da ake sayarwa don daidaita wili, amma tsohon fok da aka kafe a benci ya wadatar, ko a kifa keken kansa ƙafafu sama. A ɗaure guntun tsohon sifok da roba a jikin fok ɗin, bakinsa yana kallon gefen rim. Shi ne ma'auni.

Tsawon sifok shi ne wurin da aiki ke lalacewa tun ba a fara ba. Zaren da ke bakinsa bai wuce milimita 10 ba, don haka kuskuren milimita 1 ana haƙuri da shi, na 3 kuwa matsala ne. Gajere ba ya shiga kan noti sosai, sai notin ya ɓalle a wuya. Dogo kuma zarensa zai ƙare kafin ya ɗauru, ko ya leƙo ta bayan noti ya huda tiyub.

Hanya mafi sauƙi ita ce a auna tsohon sifok, daga cikin lanƙwasar wuya zuwa ƙarshen zare, idan rim da hob da saƙa ba su canza ba. Idan wani abu ya canza, sai an auna abu huɗu: faɗin rim daga mazaunin noti zuwa na wanda ke fuskantarsa, faɗin da'irar hujojin faifan hob, nisan kowane faifai daga tsakiyar hob, da yawan huji. Akwai manhajoji na waya da ake zuba wa waɗannan lambobi su fitar da tsawo. Ga misali: rim mai faɗin 390 da huji 36, faifai mai faɗin 45 wanda ke nisan 35 daga tsakiya. A giciye uku, sifok ɗin milimita 187 ne. A giciye biyu, 180. Wannan bambanci yana da amfani, domin gajerun sifok sun fi dogaye wuyar samu. Idan na hannu bai dace da saƙa ɗaya ba, watakila ya dace da ɗayar.

Wasu sukan yanke dogon sifok su yi masa sabon zare da abin yanka zaren noti. Ba ya ƙarko. A masana'anta murza zaren ake yi har ya kumburo ya fi jikin wayar kauri, wanda aka yanka kuwa ramewa yake yi, noti ya riƙa zamewa. Dabarar da ta fi ita ce a bar zaren yadda yake, a yanke ta wajen kai, a lanƙwasa bakin sau biyu yadda zai maƙale a hujin hob. Wannan ta fitar da mutum kunya a sifok ɗaya ko biyu. Ba a saƙa wili sukutum da ita.

Giciye nawa ya dace? Masu sana'ar sukan raba yawan huji gida 9 su sami iyaka: huji 36 ba ya wuce giciye huɗu, 28 uku, 20 biyu. Amma a ƙaramin wili ba a kai wa iyakar. Rim yana kusa da hob, don haka yawan giciye yana sa sifok ya shiga noti a karkace, ya lanƙwashe daidai inda zare ya fara, nan ne kuma zai karye. Inci 20 mai huji 36 da ƙaramin hob yana ɗaukar uku lafiya. Idan hob ɗin babba ne, irin mai giya ko birki a ciki, biyu ya fi. Inci 16 kuma biyu, wani lokacin ma ɗaya.

Saƙar kanta

Misalin da za a bi wili ne mai huji 36 a giciye uku, wato rukuni huɗu na sifok tara-tara. Kafin komai a tsoma bakin zaren kowane sifok a mai, a ɗiga kaɗan a mazaunin kowane noti. Wanda ya tsallake wannan zai gane kurensa a ƙarshe, lokacin da noti ya cije tun ɗauri bai kai ba.

Mai koyo ya zauna, rim a kan cinya, ya nemo hujin bawul. Idan ya duba da kyau zai ga a yawancin rim hujojin sifok ba a layi ɗaya suke ba: ɗaya ya ɗan karkata dama, na gaba hagu, haka har a zagayo. Hujin da ya karkata dama na faifan dama ne. Ya dubi hujin da ke maƙwabtaka da bawul, ya fara da faifan da hujin ya karkata wajensa. Ya zura sifok tara ta waje, kawunansu na kallon waje, yana tsallake huji ɗaya-ɗaya a faifan. Na farko ya shiga wancan huji na kusa da bawul, a kama shi da noti zagaye biyu kawai. Na biyu ya tsallake huji uku a rim ya shiga na huɗu, haka har tara su cika. A tsaya a ƙirga. Tsakanin kowane biyu huji uku ne a rim, ɗaya a hob. Kuskuren da aka kama a nan minti ɗaya ne gyaransa.

Sai a juya wilin. Hujojin faifai na biyu ba sa fuskantar na farko kai tsaye, kowanne yana faɗawa tsakanin biyu. Sifok na goma zai zauna a rim kusa da na farko, ta ɓangaren da ya yi nesa da bawul, don haka a faifai ma hujin da ya goce da rabin taki zuwa wannan ɓangaren shi ne nasa. A nan mafi yawan masu koyo ke ɓata. Hanyar tabbatarwa ita ce a zura sifok a miƙe ta hujin har ya taɓa ɗaya faifan, a ga ta wane gefen sifok na farko ya sauka. Sauran takwas su bi sahu. Yanzu rim zai nuna biyu cike, biyu fanko, har ya zagayo.

Daga nan a riƙe rim a murɗa hob, yadda sifok 18 ɗin za su kwanta a karkace. Ɓangaren da za a murɗa shi ne wanda zai janye sifok na farko daga ƙarƙashin hujin bawul. Idan aka murɗa akasin haka, wilin zai saƙu, zai ma yi aiki, amma sifok biyu za su gicciye a saman bawul, kuma a wili mai inci 16 wannan na nufin bakin famfo ba zai sami wurin shiga ba.

Rukuni na uku ta ciki ake zura su, kawunansu na kallon tsakiyar hob, su kwanta akasin na farko. Kowanne zai tsallake sifok uku na faifansa: ya bi ta wajen na farko, ta wajen na biyu, sannan a lanƙwasa shi ya ratsa ta cikin na uku, ya faɗa hujin da ke nasa gefen. Giciyen farko yana nan dab da faifai, ana yawan mantawa da shi wajen ƙirga. Rukuni na huɗu haka a ɗaya gefen. Gajeren sifok yana da taurin lanƙwasawa, kuma bakinsa yana karce fentin rim, don haka a rufe bakin da yatsa yayin ratsawa. A wili ƙanana sosai wasu ba sa yin ratsen ƙarshen ma, kuma ba laifi ba ne.

Idan an gama, wilin zai zama sako-sako, sifok sun yi ciki. Haka ya kamata. Amma idan wasu sun leƙo da yawa wasu kuma sun kasa kaiwa, bi da bi a tsare, to an goce da huji ɗaya a faifai na biyu, sai warwara.

Ɗauri da daidaitawa

Da sukundireba ta bayan rim, a murɗa kowane noti har zaren sifok ya ɓace cif a bakinsa, a tsaya. Manufar ita ce duka 36 su tashi daga wuri ɗaya. Sannan a danna wuyan sifok ɗin waje da babban yatsa ko guntun katako su kwanta a jikin faifai. Daga nan a fara zagaye, kullum daga bawul a ƙare a bawul, rabin murɗi ga kowane noti. Idan aka kai rabin wili aka ji hannu ya fara nauyi, alamar an yi yawa ce, a koma baya a rage wa kowa daidai.

Wajen murɗi akwai ruɗani. Ta bayan rim, da sukundireba, noti yana ɗauruwa ne yadda hannun agogo ke tafiya. Amma mai riƙe da sifana yakan kalli notin ta wajen hob, daga nan kuwa sai abin ya zama akasi. Duk mai shakka ya leƙa ta bayan rim ya tuna.

Da ɗauri ya fara kamawa, a ɗora wili a fok. A fara girgiza shi gefe da gefe. Idan boris ɗin hob yana da wasa, a gyara shi tukuna, in ba haka ba rawar boris za a yi ta bi ana zaton ta rim ce.

Karkata iri biyu ce, akwai ta gefe, akwai ta sama da ƙasa. A juya wili a hankali, a matso da ma'auni har ya fara taɓa rim, a shafa alli daga inda gogar ta fara zuwa inda ta ƙare. Idan rim ya zo hagu a wurin, sifok ɗin faifan dama za a ƙara wa ɗauri, a sassauta na hagu daidai gwargwado. Kwatan murɗi a tsakiyar wurin, rabin kwata a gefunansa, a ƙaramin wili ma rabin kwata ya isa farawa. A gyara mafi muni na hagu, a koma mafi muni na dama, a riƙa musanyawa, don kada rim ya tafi gefe ɗaya gaba ɗaya.

Ta sama da ƙasa kuwa, ma'auni a ƙarƙashin bakin rim ake sa shi. Inda rim ya yi tudu, a ɗaure sifok biyu ko huɗu na wurin, dama da hagu daidai wa daida. Inda ya yi kwari, a sassauta. Wannan ya fi wuyar gyaruwa idan ɗauri ya yi nisa, don haka da wuri ake binsa. A ɓangaren da ke fuskantar bawul, inda aka haɗa bakin rim, sau da yawa akwai ɗan tsalle da ya zo da shi daga masana'anta. A ƙyale shi. Mai koyo da ya nace sai ya shafe shi zai ɓata ɗaurin sifok shida a banza.

Sai zaman rim a tsakiya. A auna tazarar rim da ƙafar fok ta dama, a cire wilin a juya shi a mayar, a sake aunawa. Idan lambobin sun bambanta, a ƙara wa dukan sifok na gefe ɗaya kwatan murɗi, rim zai matsa wajensu. A wilin baya mai giya da yawa, faifan gefen sarƙa ya fi kusa da tsakiya, saboda haka sifok ɗinsa sun fi gajarta da milimita ɗaya ko biyu, sun kuma fi ɗauri. Haka aka yi shi, ba gyara yake nema ba.

Ana yin waɗannan ne a zagaye: a ƙara ɗauri kaɗan, a duba gefe, a duba tudu, a duba tsakiya, a sake.

Abin da ido ba ya gani

Tunda ƙaramin rim yana rufa wa sifok asiri, sai an tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Akwai na'urar auna ɗauri, amma kunne ma yana yi. A kaɗa kowane sifok da farce, yadda mai molo ke gwada tsirkiyarsa kafin ya fara. Sifok ɗin gefe ɗaya, tunda tsawonsu da kaurinsu ɗaya ne, ya kamata muryarsu ta zo kusa da juna. Mai zaƙin murya ya fi ɗauri, mai kauri ya saki, wanda ya ce "daf" ba ya aikin komai. Inda aka sami mai zaƙi kusa da mai kauri a gefe ɗaya, a rage wa wannan rabin kwata a ƙara wa wancan, rim ba zai motsa sosai ba, amma nauyi ya rabu. Kada a gwada muryar ƙaramin wili da ta babba, gajeren sifok dama ya fi zaƙi. A samo wili mai kyau mai girmansa a saurara. Idan aka rasa yadda za a yi, aka ga sai dai a zaɓa tsakanin rim mai karkatar milimita ɗaya da ɗauri daidai, ko rim sambal da ɗauri barkatai, na farkon ne zai daɗe.

Yayin da ɗauri ya yi nisa, sifok yakan murɗe tare da noti maimakon zare ya ci gaba. Ɗan salatif da aka manna a jikinsa zai nuna haka. Maganinsa a wuce inda ake so da kaɗan, sannan a dawo baya. Wilin da aka hau aka ji yana ƙas-ƙas a tafiyar farko, murɗaɗɗun sifok ne ke warwarewa, kuma daidaiton da aka sha wahala a kai yana tafiya tare da su.

Saura matsa. A naɗe hannu da tsumma, a kama sifok biyu-biyu masu tafiya kusan a jere, a dama da hagu, a matse su da ƙarfi har tafin hannu ya ji, a zagaye wilin duka. Wannan yana zaunar da wuya da noti a mazauninsu, yana kuma rage gajiyar ƙarfen nan gaba. Bayan matsa wili zai ɗan goce. A daidaita, a sake matsawa, har ya daina gocewa. Babban rim idan ɗauri ya yi masa yawa yakan nuna ta hanyar murɗewa gaba ɗaya. Ƙarami ba kasafai yake yin wannan gargaɗi ba, sai dai a ga noti yana cinyewa ko bakin huji ya fara kumburowa. Da an ga haka a sassauta kowa da kwata.

Karkatar rabin milimita aiki ne mai kyau ƙwarai. A rim ɗin ƙarfe na keken yaro, milimita ɗaya ba abin kunya ba ne. A ƙarshe a shafa yatsa ta bayan rim, duk sifok da ya leƙo a goge shi da magagari, a shimfiɗa ƙyallen rim ko zirin tsohon tiyub a kan notocin kafin a sa taya.

Ba kowane rim ne ke karɓar gyara ba. Wanda ya tsage a bakin huji, ko gefensa ya cinye da birki har ya yi kwari, ko ya karye a wuri ɗaya sakamakon karo, sifana ba ta da abin yi masa. Gwajinsa a kwance duk sifok a ɗora shi a kan daɓen siminti mai sumul. Idan ya kwanta ko'ina ya taɓa, zai saƙu. Rim ɗin ƙarfe mai ɗan lanƙwasa yana miƙuwa da guduma ta katako, na alminiyom kuwa yakan tsage.

Aikin gwaji

Kowane ɗalibi ya samo tsohon wilin gaba mai inci 20 wanda rim ɗinsa ke da lafiya. Kwana ɗaya kafin aiki ya ɗiga mai a kan notocin. Ya zana saƙar a takarda, ya ƙirga huji da giciye, ya kwance wilin ta hanyar sassauta kowane noti rabin murɗi a zagaye, kada ya cire ɗaya gaba ɗaya sauran na ɗaure. Ya auna sifok uku ya rubuta tsawonsu, sannan ya mayar da wilin yadda yake. Idan ya gama, ɗalibai su yi musayar wili biyu-biyu. Kowa ya juya baya ya sassauta notoci uku na abokinsa da kwatan murɗi, ba tare da ya sa alama ba. Mai wilin ya nemo su da farce da kunne kafin ya ɗora shi a fok, ya shafa musu alli, sannan abokin ya faɗa masa ko ya dace.